Tafasar Ruwan Farko

Ruwa ya sauka a Wurno daren Talata,
ba mai yawa ba, iyakar ya jiƙa kan katanga.
Kwana shida bayan haka
tafasa ta leƙo bayan rumbun Nomau,
ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya yi mata taki,
ko akuya ta sansana sai ta kau da kai.

Goggo Kulu ce ta koya mini tsinka.
Ta ce, a bar ganyen ƙasa ga ƙasa,
tohon sama ake ɗauka, uku ko huɗu,
wanda farce ke yankewa ba tare da ja ba.
Kuma a je da hantsi,
don da almuru tana naɗe ganyenta ta yi barci,
mai barci kuwa ba a ɗaukar masa kaya.

Kwanakinta kaɗan ne.
Mako biyu, in an yi sa'a uku,
sai ta yi fure, ta yi ƙaho, ta tsufa a tsaye,
ta koma abin shanyawa a kan tabarma.

A gidanmu gardama ɗaya ce ba ta mutuwa.
Kulu takan jefa 'yar kanwa a tukunya,
ta zubar da ruwan fari, ta sake ɗorawa,
ta matse da tafin hannu har sai ya daina ɗiga,
sannan ƙuli mai laushi, barkono, gishiri,
albasar fadama da aka ciro da sanyinta,
da mai cokali ɗaya, ba ta taɓa yin biyu ba.
Ɗatu ke nan, in ji ta, sauran duk wasa ne.

Nomau, ƙanenta, ya ce ta kashe ganye.
Shi tafasa ɗaya yake so, a sauke da ƙarfinta,
ɗacin nan ya tsaya a maƙoshi
har mutum ya san damina ta shigo.
Yakan tura akushin gefe, ya yi mita,
sannan ya jawo shi ya suɗe.
Shekara talatin suna haka.

Ni a tsakaninsu na girma, ina cin na kowa.
Nawa zaɓin, in an matsa mini,
shi ne wanda ya kwana:
a yayyafa masa garin rogo da safe,
a ci a tsaye kafin a tafi gona.
Akwai kuma dambun tsakin gero
da take cusa wa ganyen tun yana kan madambaci,
tururin ya ratsa zaure ya kai bakin hanya,
har Arzika mai gyaran keke
ya tuna yana da saƙo a gidanmu.

Bana Kulu ba ta ga ruwan farko ba.
Ta riga shi da wata guda.

Na zo daga Mabera ranar Jumma'a,
na tsinko da hantsi, yadda aka koya mini,
na dafa wa Nomau irin nasa,
tafasa ɗaya, kore shar, da ɗacinsa.
Ya ɗiba, ya daɗe yana juya loma,
haƙoransa huɗu suka rage, ko biyar.
Ya dubi murhu, ya dubi turmin da ke kife.
Ya ce, ba kanwa a gidan nan ne?

Na ce akwai, tana cikin gwangwanin Goggo.

Ya ce, to mayar da ita wuta.
Ka zubar da ruwan fari.
Kuma mai cokali ɗaya,
kar ka yi biyu.